Tarkacen Ma'adinai a Cikin Siminti: A Gwada Kafin a Kwaɓa

Abubuwa biyu sun yawaita a ƙasar Zuru da maƙwabtanta a 'yan shekarun nan, kuma duk matafiyin da ya buɗe ido zai gan su. Na farko shi ne gine-ginen da suka tsaya a linta, ciyawa ta tsiro a cikin ɗakunansu, saboda mai gini ya kasa sayen siminti. Na biyu shi ne tsibin ƙasa da garin dutse da masu haƙar zinare suke bari a bakin ramuka da gefen rafuka, tun daga yankin Fakai har zuwa Birnin Yauri. Iskar rani tana kwasar ƙurar wannan tarkace zuwa gidaje, ruwan damina kuma yana wanke shi zuwa fadamun da ake noma da mashayar dabbobi.

Mai hankali idan ya dubi abubuwan nan biyu, dole ya yi tambaya: shin ba za a ɗebo tarkacen nan a haɗa shi da siminti ba, ta yadda buhu ɗaya zai ƙara auki, bakin rafi kuma ya samu sauƙi? Tambayar ta daɗe tana yawo a jami'o'inmu. Ni kaina, a sashen da nake koyarwa, da wuya shekara ta wuce ɗalibi bai kawo mini ita a matsayin batun bincikensa na kammala karatu ba. Amsata ita ce ana iyawa, da sharuɗɗa uku: a san wane tarkace ne, a san wane gini za a yi da shi, kuma a gwada shi kafin ya shiga kwanon sarki. Abin da ya sa na ɗauki alƙalami shi ne tsoron kada rabin labarin ya riga cikakkensa isa wurin masu buga bulo.

Me ya sa siminti yake da tsada?

A farkon shekarar 2020 buhun siminti mai kilo 50 bai kai naira 3,000 ba a yawancin kasuwanninmu. A watan Fabrairun 2024 ya haura naira 10,000, har sai da Ministan Ayyuka, David Umahi, ya zauna da kamfanonin Dangote da BUA da Lafarge, aka yi matsaya a kan naira 7,000 zuwa 8,000. Mu a kudancin Kebbi muna da ƙarin nauyi, domin simintinmu sai ya yi doguwar tafiya a kan tirela, ko dai daga Kalambaina da ke kusa da Sakkwato, inda masana'antar ta fara aiki tun 1967, ko kuma daga Obajana a Jihar Kogi. Kuɗin dizal da lalacewar hanya duk a kan mai gini suke ƙarewa.

Asalin tsadar kuwa tana cikin wuta. Ana niƙa dutsen farar ƙasa tare da yumɓu, a gasa su a wani dogon murhu mai juyawa har zafi ya kai digiri 1,450, sai su dunƙule su zama wasu ƙwallaye masu tauri da ake kira kilinka. Wannan kilinkar ake sake niƙawa da ɗan jifsam, ta zama garin da muke saye a buhu. Gashin nan yana cin makamashi mai yawa, kuma dutsen da kansa yana sakin iskar kabon idan ya ji wuta. Duniya tana yin siminti wajen tan biliyan 4 a shekara, kuma wannan masana'anta kaɗai ita ke da alhakin kashi 7 zuwa 8 cikin 100 na iskar kabon da ɗan Adam yake fitarwa. Saboda haka neman abin da zai rage kilinka a cikin kankare aiki ne da manyan ɗakunan bincike na duniya suka duƙufa a kansa, mai arziki don yanayi, talaka don aljihu.

Yadda siminti yake kamawa

Kafin mu yi hukunci a kan tarkacen zinare, ya kamata mai karatu ya san abin da ke faruwa idan birkila ya zuba ruwa a kan siminti. Abubuwa biyu ne suke samuwa. Ɗaya wani danƙo ne da ido ba ya gani, wanda yake riƙe yashi da tsakuwa, yana ƙara tauri kullum matuƙar akwai laima. Ɗayan kuma ragowar farar ƙasa ce, wadda take zaune a cikin kankaren ba tare da ta ƙara masa wani ƙarfin a-zo-a-gani ba.

Akwai wasu garuruwan ƙasa da toka da Allah Ya ba su wata baiwa: idan suka haɗu da wannan ragowar farar ƙasa a cikin laima, sai su cinye ta, su mayar da ita ƙarin danƙo. Masana suna kiran irinsu fozolana, sunan da ya samo asali daga garin Pozzuoli na ƙasar Italiya, inda Rumawan da suke ɗibar tokar dutse mai aman wuta suna gini da ita. Ƙubbar ginin Pantheon da ke birnin Rum, wadda aka zuba da irin wannan haɗi kimanin shekara 1,900 da suka wuce, tana nan tsaye har gobe. Tokar tashoshin lantarki masu ƙona kwal da dattin da ke fita daga murhun narka ƙarfe su ma sun daɗe suna maye gurbin wani kaso na siminti a Turai da Amurka da Sin.

Kada mai karatu ya ɗauka wannan hikima baƙuwa ce a ƙasar Hausa. Idan baba ya mutu a karofi, marina sukan kwashe dattin da ya kwanta a ƙasan rijiyar rini, a busar da shi, a ƙone, ya zama katsi. Magina su karɓa, su haɗa shi da gashin jima daga majema da ruwan dafara, a samu laso, wanda ake shafe soraye da cikin rijiyoyin rini da shi, ruwa bai ratsa ba. Sharar sana'o'i biyu ce ta zama kayan aikin sana'a ta uku. Sai dai maginan nan ba kowace shara suke ɗiba ba. Sun san wadda take kamawa da wadda ba ta kamawa, domin kakanni sun gwada, jikoki sun gada. Wannan sanin shi ne abin da har yanzu ba mu tara ba a kan tarkacen ma'adinanmu.

Mene ne a cikin tsibin?

Mai haƙar zinare yana bin jijiyar farin dutsen ƙanƙara a cikin ƙasa. Idan ya fito da shi sai a farfasa da guduma, a niƙa a inji irin na niƙan hatsi, a wanke garin da ruwa, sannan a zuba zaiba ta kama ƙwayoyin zinaren, a ƙone ta ta tashi, zinare ya rage. A cikin tan guda na dutse, abin da ake nema 'yan giram ne kawai. Duk sauran tarkace ne.

Mafi yawan wannan tarkace silika ce, kuma a nan ɗalibaina suke fara murna, domin ita ce babban sinadarin fozolana. Ma'aunin Amurka da ake yawan bi a wannan fanni yana neman silika da alumina da tsatsar ƙarfe su kai kashi 70 cikin 100 idan an tara su, kuma garin dutsen zinare yakan haye wannan sharaɗi cikin sauƙi. Amma silika iri biyu ce. Akwai wadda ta narke ta huce da sauri, ƙwayoyinta ba su samu sun jeru ba, irin ta tokar dutse mai aman wuta. Ita ce mai aiki. Akwai kuma wadda ta daskare a hankali cikin dubban shekaru, ƙwayoyinta suka jeru suka kulle, irin ta farin dutsen ƙanƙara. Ita ko ta shekara a cikin kankare, ba ta cin farar ƙasa sai abin da ba a rasa ba. Shi ya sa ma'aunin ya ƙara sharaɗi na biyu: a cire kashi 20 na siminti a sa garin a madadinsa, a yi masa ban-ruwa, a matse shi a inji bayan kwana 28, kuma dole ƙarfinsa ya kai kashi 75 cikin 100 na wanda ba a taɓa ba. Mai bincike na ƙwarai zai ƙara jira har kwana 90, domin fozolana ta gaskiya tana ci gaba da ƙara ƙarfi, ciko kuwa inda ya tsaya nan ya tsaya.

To, garin dutsen zinare a mafi yawan lokuta ciko ne. Idan ya yi laushi sosai yana toshe ƙananan ƙofofin da ke tsakanin ƙwayoyin siminti, kuma wannan yana da amfani daidai gwargwado. Amma amfanin yana da iyaka a wajejen kashi 10 cikin 100. Daga nan duk abin da aka ƙara, ƙarfi ake ragewa.

Akwai kuma wani abu da masu gini da yawa ba su lura da shi ba. Simintin da muke saye a buhu ya riga ya ɗauki nasa cikon tun daga masana'anta. Duba jikin buhun: idan ka ga an rubuta CEM II/A-L, akwai garin dutsen farar ƙasa da ba a gasa ba kashi 6 zuwa 20 a ciki, idan B-L ne, kashi 21 zuwa 35. Kamfani ya yi wannan da awo, kuma ya niƙa daidai da yadda ƙarfin zai kai lambar 32.5 ko 42.5 da ke jikin buhun. Wanda ya zo ya ƙara nasa cikon a kai da shebur, kamar mai ƙara ruwa ne a nonon da aka riga aka tsinka.

Darasin Zamfara da Jos da Ingila

Raunin gini shi ne ƙaramin haɗarin. Babban yana cikin abin da tarkacen yake ɗauke da shi. A watan Maris na 2010 likitocin ƙungiyar MSF suka lura yara suna mutuwa da yawa a ƙauyukan ƙananan hukumomin Anka da Bukkuyum na Jihar Zamfara, maƙwabciyarmu ta kusa. Bincike ya gano gubar dalma ce. Dutsen zinaren da ake haƙowa yana cike da dalma, ana kai shi cikin gida ana dakawa ana niƙawa, ƙurar tana sauka a tsakar gida inda yara suke rarrafe suna kai hannu baki. Yara fiye da 400 suka rasu a Dareta da Yargalma da Abare da Sunke da Bagega da sauransu, dubbai kuma suka sha magani. A wasu wuraren dalmar da aka auna a ƙasa ta haura kashi 100,000 cikin miliyan, alhali iyakar da Amurka ta sa wa filin wasan yara a lokacin kashi 400 ne. Sai da aka kankare ƙasar gidaje aka binne, aka kawo sabuwa. A 2015 abin ya sake faruwa a ƙaramar hukumar Rafi ta Jihar Neja, yara 28 suka rasu. Hukumar Lafiya ta Duniya ta bayyana cewa babu wani adadin dalma a jinin yaro da za a ce ba ya cutarwa, kuma ɓarnar da take yi wa ƙwaƙwalwa ba ta gyaruwa.

Jerin duwatsun da ke ba da zinare a Anka 'yan'uwan waɗanda suka ratsa Zuru da Yauri ne, kuma iyakar jiha ba ta hana ma'adini tafiya a ƙarƙashin ƙasa. Wani rami yana da dalma, wani na kusa da shi ba shi da ita, kuma ido ba ya bambance su. Gaskiya ne siminti yana iya ɗaure dalma ya rage fitarta, har ma ana amfani da shi don wannan manufa idan za a binne shara mai guba. Amma shara da aka ɗaure aka binne daban take da daɓen ɗakin da ake sharewa kullum, yana zaizayewa, jariri yana birgima a kai. Leburan da zai tankaɗe garin ya kwaɓa shi kuwa, shi zai fara shaƙa, ya kai saura gida a jikin rigarsa. Bugu da ƙari, dalma tana jinkirta kamawar siminti. Ga kuma zaibar da aka wanke zinaren da ita, wadda wani kasonta yake zama a cikin tarkacen.

Haɗari na biyu shi ne duwatsu masu ɗauke da farar wuta, waɗanda suke yawan rakiyar zinare. Idan suka haɗu da iska da laima sai su yi tsatsa, su haifar da ruwa mai tsami, su kumbura daga ciki, kankare ya tsattsage. A yankin Cornwall na ƙasar Ingila, tsakanin 1900 da 1950, an buga bulo da yawa da tarkacen ramukan kuza da tagulla saboda arha ne kuma yana kusa. Bayan shekaru sai bangwaye suka fara ruɓewa. Har yau bankuna a can ba sa ba da rancen sayen tsohon gida na wancan zamani sai an huda bangonsa an gwada. Kakanni suka ci arha, jikoki suke biyan bashi.

Na uku kuma yana Jos, inda aka shafe yawancin ƙarni na 20 ana haƙar kuza. Yashin da aka bari a can yana ɗauke da ma'adinai masu fitar da tururin nukiliya, kuma masana sun daɗe suna gargaɗi a kan yin gini da shi. Kowane ma'adini da irin sharrin da ke cikin tarkacensa, don haka sakamakon gwajin wani wuri ba ya zama hujja a wani wuri. Wannan ya shafi lithium da ake haƙa a Libata ta ƙaramar hukumar Ngaski kamar yadda ya shafi zinare.

Mu yi lissafi

A ƙaddara mun samu tsibi mai tsabta, babu dalma, babu farar wuta. Nawa za a rage? Mu ɗauki mai ginin da yake buƙatar buhu 100, kowane a kan naira 10,000. Idan ya maye kashi 10, ya tsira da buhu 10, wato naira 100,000. Amma sai ya ɗebo kilo 500 na garin, ya busar, ya sake niƙawa har ya yi laushi kamar siminti, ya tankaɗe, ya biya mota, ya biya gwaji. Kuma kada a zaci tarkacen kyauta ne. Zaiba ba ta kama dukkan zinaren, shi ya sa ake samun masu sayen tarkacen su sake tace shi da sinadarin sayanayid, wanda shi ma guba ne. Abin da ke da mai saye yana da mai shi. Idan aka cire duk wannan, ribar mutum ɗaya mai gina ɗaki uku ba ta taka kara ta karya ba, haɗarin kuwa nasa ne shi da iyalinsa. Ribar tana fitowa ne idan aikin ya zama na cibiya guda mai injin niƙa da na'urar gwaji, tana sarrafa tan-tan, tana sayarwa da shaidar inganci.

Ina fa'idar take?

Duk da abin da na faɗa, ban ga dalilin watsar da maganar ba, domin akwai ƙofofi uku a buɗe.

Ƙofa ta farko ita ce a sa tarkacen a madadin yashi. Kankare yana cin yashi fiye da yadda yake cin siminti, kuma tifofin da ke kwasar yashin rafuka suna zaftare gaɓa suna cinye gonaki. Bayan madatsar tarkacen ƙarfe ta ɓalle a Brumadinho ta ƙasar Brazil ranar 25 ga Janairun 2019, ta hallaka mutum 270, kamfanin Vale ya koma sarrafa wani kaso na tarkacensa yana sayarwa a matsayin yashin gini. A nan gida ma masu bincike a jami'o'inmu sun yi gwaje-gwaje da yawa a kan tarkacen ƙarfen Itakpe na Jihar Kogi. Garin dutsen da ke taruwa a wuraren fasa tsakuwa kuwa tuni magina suka san shi, kuma shi ne mafi ƙarancin haɗari.

Ƙofa ta biyu ita ce yumɓu. Kafin mai haƙa ya kai ga dutse, yakan yaye ƙasa mai yawa ya watsar, kuma wata daga cikinta yumɓu ce mai kyau. Irin wannan yumɓu idan aka gasa shi a zafin digiri 800, jerin ƙwayoyinsa yana wargajewa ya zama fozolana ta gaskiya. A kan wannan masana a Suwizalan da Kyuba da Indiya suka gina simintin da ake kira LC3: kilinka kashi 50, gasasshen yumɓu 30, dutsen farar ƙasa 15, jifsam 5. Yana kai ƙarfin simintin da muka sani, yana rage iskar kabon har zuwa kashi 40 cikin 100. A ganina dukiyar da ta fi dacewa da siminti a bakin ramukanmu tana cikin wannan ƙasar da aka yaye, wadda ba ta taɓa haɗuwa da zaiba ba. Cibiyar Binciken Gine-gine da Hanyoyi ta Ƙasa, NBRRI, ta kafa ƙananan masana'antun gwajin fozolana a Ota da Bokkos, don haka ba daga tushe za mu fara ba.

Ƙofa ta uku tana cikin shinkafa, wadda Kebbi ta yi suna da ita. Ɓuntu yakan kai kusan kashi ɗaya cikin biyar na nauyin shanshera, kuma idan aka ƙone shi a hankali, zafin bai wuce digiri 700 ba, tokarsa silika ce mai aiki. Ga shi nan jibge a bayan injinan casa na Argungu da Birnin Kebbi. Haɗa wannan toka da garin dutse mai tsabta, ɗaya yana aiki ɗaya yana ciko, shi ne binciken da nake ganin ya cancanci kuɗin TETFund a jiharmu.

Abin da ya kamata a yi

Aiki na farko shi ne awo. Akwai na'urar hannu da ake ɗora wa ƙasa ta faɗi ƙarafan da ke ciki cikin ɗan lokaci, irin wadda aka yi aiki da ita a Zamfara. Gwamnatin Jihar Kebbi tana iya sayen 'yan ƙalilan, ta damƙa su ga Jami'ar Aikin Gona ta Tarayya da ke Zuru, wadda aka kafa a 2020, da jami'ar jiha da ke Aliero, da Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Waziri Umaru da ke Birnin Kebbi. Abin da ya fi ƙarfin na'urar hannu a aika da shi Cibiyar Binciken Makamashi ta Jami'ar Ahmadu Bello a Zariya, ko ɗakin gwajin Hukumar Binciken Ma'adinai da ke Kaduna. A bi tsibi-tsibi, a rubuta sunan wuri da abin da aka samu, a raba su gida uku: mai guba, wanda za a killace a binne nesa da ruwa, mai ɗan dama-dama, wanda za a ɗaure da siminti a yi aikin da ba a kwana a cikinsa, da mai tsabta, wanda za a ci gaba da gwada ƙarfinsa. Ko da a ƙarshe ba a buga bulo ko ɗaya ba, wannan taswira kaɗai za ta nuna wa ma'aikatan lafiya ƙauyukan da ya kamata a auna jinin yaransu.

Na san wasu wuraren haƙar ba sa shiguwa saboda matsalar tsaro. A fara da waɗanda ake iya zuwa, ta hannun hakimai da dagatai da shugabannin masu haƙa, waɗanda ba a shiga wurin sai da yardarsu, kuma 'ya'yansu ne a bakin haɗarin. Dokar Ma'adinai ta 2007 ta sa ma'adinai a hannun Gwamnatin Tarayya, amma ita dokar ta tanadi kwamitin kula da ma'adinai da muhalli a kowace jiha, kuma wannan aiki nasa ne. A watan Yulin 2020 an miƙa wa Shugaba Muhammadu Buhari sandar zinare mai kilo 12.5 a ƙarƙashin shirin tallafa wa ƙananan masu haƙa, wanda Kebbi tana cikin jihohin da aka fara gwada shi, Babban Banki ya saya a kan naira miliyan 268. Ƙasar da ta iya auna zinarenta har giram ba za ta rasa yadda za ta auna tarkacen da ya bari ba.

Aiki na biyu shi ne a fara daga ƙasa. Duk haɗin da ya ci gwaji, a fara da shi a bulon shimfiɗa hanya da gefen kwata da katangar fili, a bar shi ya sha damina biyu ko uku ana dubawa. Ginshiƙi da dakin da linta da rijiya da tankin ruwa da daɓen ɗaki su jira sai Hukumar SON ta fitar da ma'auni, injiniyoyi masu rajista da COREN sun sa hannu. Ba mu manta da makarantar da ta rufta a Jos a watan Yulin 2024 ba, inda mutum 22 suka rasu, galibinsu ɗalibai. Kowane gini da ya faɗi yana da nasa dalilin, amma dukkansu suna tuna mana cewa kankare ba ya karɓar uzuri.

Ga 'yan'uwana malaman jami'a kuma ina da roƙo. Idan ɗalibi ya gwada ƙarfin dunƙulen kankare na kwana 28 ya samu sakamako mai daɗi, kada mu bari ya rubuta cewa tarkacen ya dace da gini alhali bai auna dalma da zaiba da farar wuta ba, bai kuma jiƙa dunƙulen ya ga abin da ke fita cikin ruwan ba. Abin da muke rubutawa yana fita daga harabar jami'a. Yakan isa rediyo da Facebook a gajarce, ya zama "masana sun ce ƙasar zinare tana maye siminti", kuma mai buga bulon da tun da ma yake neman hanyar ƙara yawan abin da yake fitarwa daga buhu ɗaya ya samu fatawa.

Mai gini kuma, kafin duk wannan ya tabbata, shawarata gare shi mai sauƙi ce. Kada ya karɓi yashi ko garin dutse sai ya tambayi inda aka ɗebo shi. Idan daga wurin niƙa ko wankin zinare ne, ya mayar. Idan kuɗi sun gaza, gara ya gina ɗaki biyu masu ƙarfi ya jira kaka ta gaba, ko ya koma ga jar ƙasarmu, wadda idan aka matse ta a inji da ɗan siminti kaɗan take ba da bulo mai ƙarko da sanyin ɗaki. Mutanen ƙasar Zuru sun daɗe suna gina rumbunan ƙasa da ke riƙe dawa shekara da shekaru. Garin neman ƙiba kada a samo rama.

Allah Ya albarkaci ƙasarmu da abin da ke cikinta, Ya kare 'ya'yanmu, Ya ba shugabanninmu ikon yin abin da ya dace a lokacin da ya dace.